Kada Ka Saki Sai Na Ce

A Kwarin Maje, can ƙarshen unguwa inda gonakin dawa suke farawa, akwai wani gida mai dangar kara da ɗakuna uku. Akwai Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Akwai ɗanta na fari, Haladu mai babur, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kara, sai dai ta ce "wancan". Akwai matarsa Barira. Sai autan gidan, Nomau, dogon saurayi mai manyan hannuwa da ido irin na ɗan maraƙi.

Nomau ba mahaukaci ba ne, bai taɓa jifan kowa ba. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi, kuma yana da wata doka da ba wanda ya koya masa: bakin da ya ɗaura magana, shi kaɗai ke kwance ta. Yana yaro Inna ta taɓa ce masa ya tsaya a bakin ƙofa har ta dawo daga gidan suna. Ruwa ya sauko, maƙwabta suka yi ta kiransa ya shigo, ya ƙi. Ta dawo ta same shi tsaye yana rawar ɗari. Haladu ne kaɗai ya iya magana da shi, don yana ba shi farkon magana ya kuma ba shi ƙarshenta. Da haka ya koya masa babur, har ya zama ba wanda ya kai Nomau iya ratsa yashi, tunda abin da aka ce ya yi da hannu da ƙafa shi yake yi, tsoro ba ya sa shi canzawa.

A shekarar da nake ba ku labari Barira tana da ciki. Na farin ya zo mata da zubar jini, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar aka same ta. Malamar asibitin Dutsen Gawo ta riƙe hannun Haladu da nata ta ce, wannan karon kada a kuskura a haihu a gida. Tsakanin Kwarin Maje da Dutsen Gawo kuwa yashi ne mai cin taya, sannan hawan Tudun Maƙera, sannan kwalta. Mota ba ta shigowa ƙauyen. Samari masu babura duk sun tafi birni cin rani da baburansu. Na Haladu kaɗai ya rage.

Wata rana Haladu ya dawo da sabon salansa, bututun hayaƙin babur, fari fat, mai faɗin baki. Ya ce zai ƙara wa babur ƙarfi, don ranar haihuwa mutum uku zai ɗauka a cikin yashi. Ya kwance tsohon, baƙi ƙirin duk tsatsa, ya yar gefe.

"Yaya, ina zan kai wannan?"

Haladu yana fama da noti, bai ɗago ba. "Kai shi inda ba zan sake ganinsa ba."

Nomau ya saɓa shi a kafaɗa, ya bi ta bayan gari har kufai, inda tsohuwar rijiyar nan take wadda guga bai taɓa kai ƙarshenta ba. Ya sake shi, ya kasa kunne har ya ji ƙararsa can ƙasa, ya dawo. Ya tarar Haladu ya tayar da babur. Murya ce sabuwa, mai kauri, har kaji suna gudu. Amma da ya saki totur sai salansan ya yi tas, tas, kamar ana fasa gyaɗa, kuma kafin a jima injin ya yi zafin da tofi ke ƙonewa a kansa. Haladu ya kashe. Ya ce sabon bututun yana fitar da numfashi da yawa, saboda haka injin yana zuƙar iska da yawa, man da ke shiga ya yi masa kaɗan. Maganinsa wani ɗan jan ƙarfe ne kamar ƙwayar wake mai huda a tsakiya, sunansa jet, a cikin kabureta yake, shi ke auna mai. Sai an sa mai babbar huda.

"Kafin in samo, bari mu mayar da tsohon. Yana ina?"

"Yana inda ba za ka sake ganinsa ba."

Haladu ya dube shi, ya dube shi, sai dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Barira ta leƙo daga madafa tana tambaya, ya kasa ba ta amsa. Ita ce dariyar ƙarshe da aka yi da ƙarfi a gidan nan.

Washegari kasuwar Dutsen Gawo ke ci. Haladu ya ƙi hawa babur ɗin a haka, ya ce zai taka zuwa kwalta ya shiga motar kasuwa ya sayo jet. A bakin zaure ya dafa kafaɗar ƙanensa.

"Ka tsare min gidan nan har in dawo."

"To, Yaya."

Motar ba ta kai kasuwa ba, a gada ta faɗi. Da la'asar aka kawo shi cikin tabarma, da takalmi a ƙafa ɗaya. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne. Ta dai zauna tana kallon babur ɗin da ke jingine a gindin darbejiya, sabon salansan yana ɗaukar ido, har rana ta faɗi ya daina.

Wata rana, bayan an yi addu'ar bakwai, Baffa Ila ƙanen mahaifinsu ya tara mutanen gidan kafin ya koma garinsu. Ya ce gado ba ya rabuwa sai cikin nan ya sauka an ga abin da Allah ya kawo. Ya nuna babur da sandarsa.

"Kada kowa ya taɓa shi. Ke kuma mai takaba, ba fita. Nomau, kai ne namijin gida yanzu, ka ji ko?"

"Na ji, Baffa."

Bayan kwana biyu sai ga Sallau makanike, abokin marigayi, daga ƙauyen gaba. Tun da ya karye a ƙafa ta ƙi lanƙwasa ya daina hawa babur, a kan jaki yake yawon gyara da jakar kayan aikinsa. Ya yi gaisuwa, ya share ido, ya nufi gindin darbejiya. Nomau ya riga shi, ya tsaya ya buɗe hannuwa.

"Injiniya, matsa in duba aikin da abokina ya bari."

"Baffa ya ce kada kowa ya taɓa."

"Sayarwa yake nufi, ko a ɗauke. Ni gyara zan yi."

"Bai ce sayarwa ba. Taɓawa ya ce."

Inna ta taso da ƙyar. "Ni da na haife ka na ce ka matsa."

"Ba ke kika ɗaura ba, Inna."

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, Sallau har ya ɗaga sifana ya sauke. Nomau yana hawaye amma bai gusa ba. A nan ya shimfiɗa tabarmarsa, a nan yake cin tuwo. Aka aika wa Baffa, aka tarar ya wuce wani gari ta'aziyya. Wata ya mutu, wani ya tsaya, cikin Barira yana ta sauka, ƙafafunta sun kumbura, babur yana tsaye gizo-gizo na saƙa a tayarsa. Ran da Baffa ya zo ya zo da fushi, ya buga sanda a ƙasa.

"Na kwance, shashasha. A taɓa."

Ya juya zai fita, sai muryar Barira ta fito daga bayan labule, a hankali. "Baffa, da saura ɗaya. Ka ce masa in naƙuda ta zo zan fita."

Baffa ya tsaya cik. Ya dubi Nomau, ya ga yadda yake jiran amsa da gaske, sai fushin ya bar fuskarsa, wani abu ya maye gurbinsa. Ya ce, "Ranar haihuwa za ta fita, kai za ka kai ta. Wannan ma na kwance."

Wata rana Sallau ya buɗe kabureta, ya ga abin da Haladu ya gani. Ya ba direban motar kasuwa saƙon jet, aka kawo wanda bai shiga ba, ya mayar. Baffa ya ce a faɗaɗa hudar na ciki da allura mana. Sallau ya ce in hannu ya zarce ba a mayar da huda baya, kuma ba su da wani. Ya ce kafin saƙo ya zo bari a lallaɓa da sukurun iska, wani ɗan ƙaramin sukuru a gefen kabureta. Ya tayar da babur, ya ba Nomau sukundireba, sai ga yaro da gudu wai injin niƙan garinsu ya tsaya mata sun yi layi.

"Juya shi kaɗan kaɗan ta nan har tas-tas ɗin nan ya daina. Yanzu zan dawo."

Nomau ya juya, ya murɗa totur ya saki. Tas. Ya juya. Tas, tas. Ya ci gaba da juyawa da haƙurin mai tsinkar zogale, har sukurun ya fito, ɗan sifirin da ke bayansa ya yi tsalle, babur ya yi shiru. Sallau ya dawo ya same shi zaune yana murmushi.

"Ya daina."

"Ina sukurun?"

Nomau ya nuna tsakar gida gaba ɗaya. Ranar ba a ɗora tukunya ba. Aka hana kaji fita, aka hana kowa takawa, Inna da Barira suka ɗauko rariyar tankaɗe suna tankaɗe ƙasar tsakar gida kamar garin tuwo. Ana cikin haka Barira ta saki rariya ta dafe ƙugu, ta cije leɓe. Kowa ya tsaya. Sallau ya dubi babur a buɗe, hanjinsa a kan tsumma, ya dubi hanyar da ta fita gari. Ciwon ya lafa. Dab da magariba Inna ta ga sifirin yana walƙiya a rariyarta, sukurun kuma a cikin kwanon ruwan kaji aka same shi.

Wata rana Sallau ya koya wa Nomau karatun fulogi. Ya ce fulogi ba ya ƙarya, shi ke zaune a cikin wutar injin yana ganin komai. In bakinsa ya yi fari kamar toka, mai ya yi kaɗan, injin zai ƙone. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa, fulogin zai mutu. Ya ɗan ƙara gyara, ya ce, "Ka zaga gari, ka kwance shi, ka kawo min gida gobe. So nake in gan shi kalar soyayyar gyaɗa. Ran da na ga haka, an gama."

Nomau ya zaga, ya kwance, ya ga fari fat. Ya tsaya yana juya shi a hannu. Sallau ya faɗi abin da yake so ya gani, kuma kowa a gidan yana jiran ranar da za a ce an gama. Ya je gidan Ladingo mai ƙuli-ƙuli, ya tarar tana suya, ya roƙe ta ya jefa fulogin cikin kasko tare da gyaɗa. Ya yi ta juyawa har ya yi ja-ja-ja mai kyau, ya goge, ya kai.

Sallau ya ɗaga shi a rana, ya yi hamdala. Ya zo da kansa ya ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. A daren nan Barira ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Da safe Sallau ya ce a gwada da nauyi, aka ɗaura buhun dawa a baya, Nomau ya kama hanya, shi kuma ya biyo a jaki.

A tsakiyar hawan Tudun Maƙera babur ya fara ƙara kamar ana kaɗa ƙusa a gwangwani. Wari ya taso. Sai ya cije gaba ɗaya, tayar baya ta ja ƙasa, Nomau da buhu suka zube. Sallau ya iso ya tarar injin yana hayaƙi. Ya jira ya huce, ya kwance fulogin, ga shi fari kamar ƙashi. Ya kai hanci, ya ji ƙanshin man gyaɗa a jikinsa.

"Nomau, me ka yi wa fulogin nan jiya?"

"Ka ce kana so ka gan shi kalar gyaɗa."

Sallau ya zauna a kan dutse. Daga nan ana hango rufin kwanon asibitin Dutsen Gawo can nesa yana ƙyalli, ana kuma hango Kwarin Maje a baya, kuma ba inuwa ko ɗaya a tsakani.

"Ka ga nan wurin? Da ita ce a bayanka ba buhu ba, a nan za ta haihu, a nan jinin zai zuba. Ka gane?"

Nomau ya dubi dawar da ta watse a ƙasa. Ya durƙusa yana tsince ta da ɗaiɗai. Da injin ya huce ya yarda ya tashi, amma Sallau ya ce injin ya ji rauni a ciki. In ya sake cijewa, ba zai ƙara tashi ba.

Wata rana, jet bai zo ba har yanzu, Baffa ya tambayi Sallau a gaban Nomau wai mene ne ainihin ciwon. Sallau ya ce, "Iska ce ta yi masa yawa, Baffa. Da za a rage masa iska da ya zauna lafiya." Nomau ya ɗauki maganar ya ajiye. Da azahar, mutanen gida suna kwance saboda zafi, ya tura babur cikin ɗakin Haladu, wanda ba a buɗe ba tun ranar. Rigarsa tana nan a rataye a ƙusa. Ya rufe ƙofa, ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya buga kiki.

Barira tana ɗakin Inna ta ji babur ɗin mijinta yana kuka a cikin ɗakin mijinta. Ta faɗa daga baya cewa na ɗan lokaci ta manta, har ta kai hannu za ta gyara ɗankwali. Sannan ta tuna. Ta fito tana jan ƙafa, ta ga hayaƙi na fita ta rufin. Ita da Inna suka buga ƙofa, shiru. Inna da ciwon gwiwarta ta ɗauki taɓarya ta karya sakata. Suka same shi zaune a ƙasa ya jingina da gadon yayansa, ido a lumshe. Su biyu suka ja shi waje, tsohuwa da mai ciki, suka kwara masa ruwa. Da ya farfaɗo ya yi amai, abin da ya fara cewa shi ne, "Ya rage tas-tas ɗin, Inna. Na ji."

Inna ta ɗaga hannu za ta mare shi, sai ta rungume kansa. "Wancan ya tafi. Kai ma tafiya za ka yi ka bar ni da wa?"

Da Sallau ya ji, ya zo ya kama hannun Nomau ya kai shi kan babur. "Ba iskar duniya ba, Injiniya. Iskar da ke shiga maƙogwaronsa." Ya nuna masa wani ɗan maɓalli a hannun hagu. "Wannan cok ne, shi ke shaƙe masa iska. Amma na tayarwa ne kawai in ya ƙi tashi. Wanda ya yi tafiya da cok a ja, fulogi zai yi baƙi ya mutu a hanya. Ko yaron makanike ya san wannan." Cok ɗin ma ya saki, in an ja sai ya koma da kansa, sai an riƙe. Yana cikin abubuwan da Haladu ya ce zai gyara in ya dawo.

Wata rana, a tsakiyar bazara, ranar da ko tsuntsu bai yarda ya tashi ba, naƙuda ta zo. Rana tana tsaka. Sallau yana gidan, ya sake wanke kabureta ya mayar kenan, direba ya ce masa jet sai kasuwa mai zuwa. Inna ta fito daga ɗaki da ƙullin zannuwa, fuskarta ta isa bayani.

"Da jini," ta ce.

Nomau ya hau, ya buga kiki. Shiru. Ya sake. Shiru. Aka fito da Barira tana riƙe da dangar kara, karan yana karyewa a hannunta. Ya buga har gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sallau ya ja cok zuwa rabi, ya kama babban yatsan Nomau ya danna a kai.

"Riƙe nan, daidai nan. Kada ka saki sai na ce."

Kiki ɗaya babur ya ɗauka. Aka ɗora Barira, Inna ta hau bayanta ta zagaye ta da hannuwa. Sallau ya sunkuya ya ɗauko ƙullin zannuwan da ya faɗi ya cusa wa Inna, ita kuma ta daki bayan ɗanta ta ce, "Tafi." Nomau ya ja kuloci da sauran yatsunsa, ya sa giya, ya tafi. Sai da suka kai bakin gari Sallau ya tuna. Ya bi su yana jan ƙafa yana ihu, saki, saki cok. Sabon salansa ya cinye muryarsa. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗora hannu a ka. A lissafinsa ba za su wuce yashi ba fulogi zai mutu. Ya kwance jakinsa, ya sa wani tsohon fulogi a aljihu, ya bi sawu.

Nomau yana jin numfashin Barira a bayansa, gajere gajere, yana jin Inna tana karanta duk abin da ta haddace. Yashi ya kama taya, ya yi abin da Haladu ya koya masa, ya saki kafaɗa, bai taɓa birki ba. Warin fetur yana tasowa. Yatsan ya fara zafi, sannan ya fara zugi har gwiwar hannu, sannan ya daina jinsa. Duk ramin da suka faɗa cok ɗin yana neman zamewa, yana mayar da shi daidai inda aka ajiye masa.

Suka iso gindin Tudun Maƙera. Ga wurin da dawa ta zube, tururuwa sun kwashe, saura ɗan tabo a ƙasa. Barira ta yi wani nishi, kanta ya faɗo a bayansa.

"Barira," in ji Inna. "Ke, Barira, yi min magana."

Nomau ya kasa kunne yana jiran ƙarar ƙusa a gwangwani. Bai ji ba. Babur ɗin yana hawa da wata murya mai nauyi, cikakkiya, wadda bai taɓa yi ba tun da aka sa masa salansan, muryar da Haladu ya saya bai rayu ya ji ba. Suka wuce tabon. Suka wuce dutsen da Sallau ya zauna. Suka kai ƙoli, iska mai zafi ta bugi fuskarsa, ga rufin kwano can yana ƙyalli.

A kan kwalta wani ɗan acaɓa ya jero da su, ya ji wari, ya dubi hannun Nomau.

"Malam, cok ɗinka a ja yake. Saki, za ka kashe mashin."

"Sallau bai ce ba."

"Wane ne Sallau? Na ce ka saki, ga mara lafiya a bayanka."

"Saki mana, Nomau," in ji Inna. "Ya fi ka sani."

Nomau yana kuka, hawaye na komawa kunnuwansa. "Ba ku kuka ɗaura ba."

A haka suka shiga ƙofar asibiti. Ma'aikata suka fito da gado mai taya, aka ɗauke Barira, zanenta ya jiƙe, Inna ta bi su ba takalmi. Mai gadi ya ce ya kashe mashin, ya kashe da hannun dama. Ya ce ya sauka ya shiga inuwa, Nomau ya ce ba zai iya ba. Ya zauna a kan babur a tsakiyar rana, babban yatsansa a kan cok, yana kallon ƙofar da ta rufe. Masu jinya suka taru suna kallonsa, wata mai sayar da kunu ta ɗora masa faifai a ka.

Bayan la'asar Sallau ya iso, jakin ya yi kumfa. Tun daga yashi yake duba gefen hanya yana neman inda suka tsaya. Ya ga babur, ya ga Nomau. Ya ciro sifana ya kwance fulogi, ya ɗaga shi a hasken yamma. Ya kai hanci ya sansana, ya sake sansanawa. Ba ƙanshin gyaɗa, amma kalar ita ce.

Ya daɗe yana kallon ɗan maɓallin da yatsan da ke kansa. Iskar da salansa ya ƙara, rabin cok ya rage ta, daidai abin da jet ɗin zai yi. Da an saki a bakin gari yadda ya yi ta ihu, da a Tudun Maƙera injin ya cije.

"Wata biyu ina neman saitin nan," ya ce a hankali, "ashe yana hannunka. Saki, Injiniya. Na ce ka saki."

Yatsan ya ƙi miƙewa. Sai da Sallau ya ɗaga shi da hannu biyu, ya yi ta murza shi, shatin ƙarfen ya zauna a cikin naman.

Dab da magariba Inna ta fito. Ta ce mace ce, tana da rai. Uwar an ƙara mata jini, ta buɗe ido, ta sha ruwa. Malamar ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake yi. Sallau ya juya baya yana gyara wa jaki igiyar da ba ta kwance ba.

Nomau ya sauko daga babur. Ya tsaya yana lissafi da ido, kamar mai duba kayan da aka ba shi ajiya. Maganar Baffa an kwance. Ta Sallau an kwance.

"Inna, saura ta Yaya. Ya ce in tsare masa gida har ya dawo."

Inna ta dube shi. Ta kama hannun nan mai shatin ƙarfe ta riƙe. A karon farko a rayuwarta, a gaban mutane, ta kira sunan.

"Haladu ne ya ɗaura ta, Nomau. Wannan ba mai kwance maka ita."

Nomau ya juya maganar a ransa. Daga cikin ɗakin aka jiyo kukan jaririya, siriri, yana yankewa yana dawowa. Ya gyara tsayuwa.

"To," ya ce.